Shari'ar Yarinya Mai Inuwa Biyu

A majami'armu da ke Kafanchan, duk takardar da Turancinta ya yi yawa ni ake kawo wa. Na koyar da adabi a sakandare har na yi ritaya, sai mutane suka yanke cewa babu rubutun da zai gagare ni, daga takardar asibiti har bayanin da ke jikin kwalbar maganin ciyawa. Ban taɓa ƙorafi ba, don ni mace ce mai son a ce ta sani. Wannan son ne ya jefa ni cikin wata shari'a da har yau ban gama haɗiye ta ba.

Abin ya faro ne wata Lahadi ana tsakiyar waƙar yabo. 'Yan matan ƙungiyar mawaƙa suka ɗaga hannuwa sama yadda suka saba. Matar wani dattijo, wadda idonta ba ya ganin lambar waƙa a allo amma yana ganin laifi daga bencin ƙarshe, ta hango zane biyu na biro a wuyan hannun kowace yarinya. Zane biyu a jere, iri ɗaya, a hannun hagu. Kafin a yi addu'ar sallama magana ta zagaye majami'a cewa ƙungiyar asiri ta shigo cikin mawaƙa. Tun da yaranmu suka fara tafiya manyan makarantu, babu kalmar da ke tsinka zuciyar iyaye kamar wannan.

Da aka titsiye 'yan matan, suka fashe da kuka suka ce ba asiri ba ne, daga littafi suka gani. Wane littafi? Littattafai ne uku, na mai jan waƙa.

Mai jan waƙar nan yarinya ce 'yar shekara sha bakwai, 'yar mai facin taya na bakin titinmu. Uwarta ta rasu tana firamare. Muryarta kuwa, idan ta ɗauki baiti, har tsofaffin da suka zo majami'a don barci sukan buɗe ido. Ni na koya mata son karatu. Tun tana ƙarama take zuwa barandata ta zauna a ƙasa, in ba ta littafi, ta cinye ta dawo da shi ta karɓi wani. Waɗannan ukun dai ba daga wurina suka fito ba. Ta je hutu wurin gwaggonta a Sabon Tasha da ke Kaduna, ta same su wurin wani mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da masu takalman gwanjo. Ta karanta, ta ba ƙawayenta, ciwon ya kama su duka.

Majalisar dattawa ta zauna, aka kira ni a matsayin uwa a ikilisiya. Mafi tsufa a cikinsu wani manomin citta ne da gonarsa ke kan hanyar Gidan Waya, kowa Baba yake ce masa. Mahaifinsa shi ne mai kula da ɗakin dodo, wato wurin tsafin gargajiya, a ƙauyensu na bayan dutse, kuma da Baba ya karɓi bishara yana saurayi, an yi masa dukan da har yanzu kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ba ya wasa da maganar tsafi, kuma ba mai iya cewa ba shi da dalili. Ya ɗaga littafi ɗaya da yatsu biyu, ya nuna mana bangon: yarinya ta ba mu baya, takobi a hannu, gashinta na tashi sama, wani haske shuɗi na fita daga tafinta.

Ya ce, da Hausarsa da ba ta bambanta mace da namiji, "Ruwa ba ya tsami banza. A ƙona littafi nan a gaban jama'a. Yarinya kuma a sa shi horo, ya fita daga kwaya na mawaƙa, ya zauna a baya har bayan Kirsimeti."

Wanda bai tashi a ikilisiya irin tamu ba zai ɗauka zama a baya ƙaramin abu ne. Benci ne guda a bakin ƙofa. A nan ake zaunar da wadda ta yi ciki ba aure, da wanda aka tsinto a gidan burkutu. Duk mai shiga sai ya wuce ta gabanka, duk mai fita sai ya sake kallonka. Horon yakan ƙare, amma garin ba ya mantawa. Bayan shekaru, idan dangin wani saurayi suka zo bincike, za a sami mai cewa, "Yarinyar kirki ce, sai dai ta taɓa zama a baya." Ba za a tuna dalili ba.

Fastonmu yaro ne sabon zuwa, yana tsoron Baba kamar kowa, amma yana da wayo. Ya yi gyaran murya ya tambaya ko akwai wanda ya karanta littattafan a cikinmu. Ba a sami ko mutum ɗaya ba. Ya ce to, bai kamata a hukunta abin da ba a sani ba, a ba Mama ta karanta ta kawo wa majalisa bayani kafin ƙarshen wata. Duk ido ya dawo kaina.

Na yi fuskar wadda aka ɗora wa kaya, amma a cikina biki nake yi. An ba ni izinin ikilisiya in zauna in karanta labarin aljanu da dodanni, kuma duk wanda ya ce in tashi in yi girki sai in ce masa aikin Ubangiji nake. Ni da na tashi a kwatas ɗin 'yan reluwe ina karanta duk abin da fasinja ya manta a jirgi. Ni da kakata ta raina da tatsuniyoyin da idan ta gama ɗaya, ba mai yarda ya je bayan ɗaki shi kaɗai. Na riga na fara tsara jawabin da zan yi wa dattawa a kan darajar labari da 'yancin tunanin yara, jawabin da zai sa Baba ya sunkuyar da kai. Na ɗora littattafan a kan babur, kowanne kamar bulo, har ɗan acaɓan ya tambaye ni ko gini na fara.

Shafin farko taswira ce, da teku da duwatsu da garuruwa masu sunayen da sai ka yi kaki kafin ka furta. Na yafe wannan. Babi na farko kuwa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Wata ƙasa ce da mugun sarki ya ƙwace inuwar kowa ya kulle a fadarsa, mutane na yawo da tsakar rana babu komai a ƙarƙashin ƙafarsu. Sai aka haifi wata yarinya da inuwa biyu. Ashe abin da zanen biron nan ke nufi ke nan. Na ajiye littafin a cinya na ce, kai, wannan marubuciya ta san hannunta. Na shiga tambayar kaina: manomin da ba shi da inuwa, ta yaya zai san lokacin tashi daga gona? Me sarkin yake yi da inuwoyin, ci yake yi ko aiki yake sa su? Na gyara zama, na goge tabarau.

Daga nan marubuciyar ta manta da inuwa, ta shigo da samari biyu.

Ɗaya tare suka tashi da yarinyar, mai haƙuri ne, idonsa kore. Ɗayan ɗan babban hafsan sarki ne, ba ya gaisuwa, ba ya murmushi, yana da tabo a gira, idonsa ruwan toka. Duk lokacin da ɗayansu ya shigo ɗaki sai an sake gaya mana launin idonsa, ko da ya canza cikin dare. Ita kuma yarinyar a kowane babi sai ta tuna mana cewa ita mummuna ce, alhali duk namijin da ya haɗa ido da ita sai ya manta sunan ubansa. In ta ga mai koren ido zuciyarta ta buga, in ta ga mai ruwan toka cikinta ya juya. A ƙauyenmu da an kai ta asibiti. Akwai kuma wani abu da take yi, wai ta saki numfashin da ba ta san ta riƙe ba. Ta yi shi har ya dame ni, na ce bari in gwada. Na zauna a kujera ina ƙoƙarin riƙe numfashi ba tare da na sani ba, maigidana ya shigo ya gan ni ido a waje, ya ruga neman maganin hawan jinina.

A duk faɗin ƙasar littafin nan babu mai noma. Ana cin gasasshen nama da burodi mai zafi a kowace liyafa, amma ban ga gona ba, ban ga garma ba, ban ga ko akuya ɗaya a ɗaure ba. Yarinyar da samarinta suka yi wata da watanni suna tafiya a daji, babu mai ɗauke da tukunya, babu mai wanki, babu wanda ya taɓa cewa a jira shi zai zagaya. Gashinta kuma yana nan yana ƙamshin fure. Ni daga Kafanchan zuwa Kaduna ban taɓa kai Kujama ba tare da na roƙi direba ya tsaya ba.

Manya kuwa kashi uku ne a littafin: matattu, wawaye, da maciya amana. Duk mai furfurar da ya faɗi magana mai ma'ana, ka sani ba zai ga babi na gaba ba. Iyayen yarinyar an kashe su tun shafi na biyu, kuma ba ta da kawu, ba ta da gwaggo, ba ta da ko maƙwabciya mai shisshigi. A wace ƙasa ce ake mutuwa dangi ba su zo ba, ko don rabon kujeru? Sarkin ya shekara dubu yana mulki, yana da rundunar da ba ta ƙirguwa, amma tsofaffin mayaƙan da ke adawa da shi suka naɗe hannu suna jiran 'yar shekara sha shida da ta fara riƙe takobi jiya ta gaya musu yadda ake yaƙi. Na koyar da 'yan shekara sha shida fiye da rabin rayuwata. Ina ƙaunarsu, amma ko makullin aji ban taɓa ba su na yi barci da ido biyu rufe ba.

A littafi na biyu na ga alamar ceto. Aka ce akwai dodo a wani baƙin daji, wanda ya shiga ba ya fita. Na ce yauwa, yanzu za a yi magana. Dodon kakata ba ya tambayar sunanka, haɗiye ka yake yi da takalminka, kuma idan ka tsira to da wayonka ka tsira. Na bi yarinyar cikin dajin zuciyata na bugawa kamar tata. Dodon ya fito. Ashe wani kyakkyawan saurayi ne da aka yi wa baki, ba a nuna masa ƙauna yana yaro ba, shi ya sa yake cin mutane. Idonsa ruwan zuma. Samari sun zama uku. Na yi jifa da littafin daga baranda, ya sauka a tsakiyar kajina, suka watse da kuka kamar shaho ya faɗo.

Maigidana ya leƙo ya ce, "Tsafin ne ya fara aiki?"

Na ce, "Ina ma."

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka na je na ɗauko shi, na kakkaɓe kashin kaji na ci gaba. Na gama na biyu, na shiga na uku ina jan ƙafa. A shafin ƙarshe yarinyar ta iso ƙofar fadar sarki, ta ɗora hannu a kan ƙofar. Na juya shafi. Tallan littafi na huɗu ne, da alkawarin na biyar.

Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske, irin na wanda ya yi azumi aka kawo masa babbar kula ya buɗe ya tarar da ruwan zafi. Ban shiga karatun nan don neman laifi ba, da yunwa na shiga. Na so littafi ya sake ɗauke ni yadda ake ɗauke ni ina yarinya, in manta tuwo a wuta, in ji ana kiran sunana daga nesa. Na ɗan tsaya na tambayi kaina ko ni ce na tsufa, ko ƙofar ce ta rufe mini. Tambayar ta ba ni tsoro, sai na kore ta. Na ce a'a, labarin inuwa ya kama ni sarai, marubuciyar ce ta sayar da shi ta sayi idanun samari.

Ana cikin haka yarinyar nan mai jan waƙa ta zo gaishe ni da yamma. Ta rame, ta goge zanen hannunta har wurin ya yi ja. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta na kan littattafan da ke kan tebur.

"Momi, kin gama?"

"Na gama."

Sai fuskarta ta buɗe. Ta manta da horo, ta manta da Baba. "E swit, ba? Akwai daɗi, ko? Momi, kin kai wurin da inuwa na biyu ya ƙi ya bar ta a cikin ruwa? Na yi kuka sosai a wurin. Ba su faɗa ba fa, amma ni na san mamanta ne. Inuwa na biyu ɗin, mamanta ne yake bin ta."

Na tuna wurin. Layi uku ne, tsakanin wata rigimar mai koren ido da wani fushin mai ruwan toka. Ni na ɗauka marubuciyar ce ta tuna tana da inuwa a ajiye ta ɗan leƙa ta. Yarinyar nan ta ɗauki layi uku ta gina abin da ya fi littattafan uku. Na ce mata wurin ya yi kyau, kuma ba ƙarya na yi ba.

Ta ce, "Za ki gaya musu littafi ne mai kyau, ko?"

Na ce, "Zan gaya musu abin da zai hana ki zama a baya."

Ta tafi tana murna, don a kunnenta magana ɗaya ce.

Na zauna da jawabina na darajar labari, na ga ba zai kai ni ko bakin ƙofa ba. Baba bai damu da 'yancin tunanin yara ba. In na ce littafin yana da zurfi, zai ce rijiya ma tana da zurfi. In na ce yana da ƙarfi, na ba shi ashana da hannuna. Tambayarsa ɗaya ce, akwai tsafi ko babu, kuma ba zai yarda da bakina ba sai ya ji da kunnensa. Shekarun aji sun koya mini abu guda: abin da aka yi wa dariya ba a ƙara tsoronsa. Na kuma san ba a cika ƙara ƙaunarsa ba. Na auna bencin bakin ƙofa da wannan, na ga bencin ya fi nauyi.

Ranar zaman, bayan sujada, muka taru a ɗakin shawara na bayan majami'a. Rana ta take, kwano na ƙara a samanmu. Yarinyar na tsaye a gefe, mahaifinta kusa da ita cikin rigarsa ta Lahadi, yana murza hula da hannuwan da sabulu bai taɓa iya fitar da baƙinsu ba. A ƙarƙashin kujerar Baba na hango galan na kalanzir. Ya zo da shirinsa.

Fasto ya buɗe da addu'a ya ce, "Mama, muna sauraro."

Na ce, "Ni ban san tsafi ba, a kwatas na girma. Baba ne ya san shi, ya gan shi da ido, ya bar shi da jininsa. Zan karanta wurin da ya fi kowane tsafi a littattafan nan in juya da Hausa, Baba ya yanke."

Baba ya gyara zama. Ba a taɓa yabonsa da wannan a gaban mutane ba.

Na buɗe inda yarinyar ta fara yin sihiri. Sojojin sarki sun kewaye ta. Ta rufe ido, ta tuna cewa ita ta musamman ce, ta yarda da kanta, ta ɗaga hannu, sai haske shuɗi ya fito daga tafinta, sojoji suka zube.

Baba ya jira. Da ya ga na ɗago kai daga littafin ya ce, "Sai me?"

"Shi ke nan, Baba."

"Me ya yanka?"

"Ba ta yanka komai ba."

"Ko kaza?"

"Babu kaza a ƙasar gaba ɗaya."

"An zuba giya a ƙasa? Ya kira sunan kakanni?"

"Ba ta san sunan kakanta ba."

"To wane tsoho ne ya shigar da shi? A wane daji ya kwana?"

"Ba wanda ya shigar da ita. Tsohon da ya so ya koya mata, ta yi masa rashin kunya, washegari ya mutu."

Baba ya kalli fasto, ya kalli bangon littafin, ya sake kallona. Fuskarsa ta nuna wani abu kamar an raina masa gidan uba. Ya ce, "Malama, abin da ya ci awaki na babana, ya ci kaji, ya ci mutane, shi ne yarinya zai rufe ido kawai ya samu kyauta? Wannan ba tsafi ba ne. Wannan tocila ne."

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya, bai yi nasara ba. Amma Baba bai gama ba. Ya ce in ba tsafi, to me ya cika littattafai uku masu kaurin nan? Dole akwai abin da ake ɓoyewa a tsakiya.

Nan na saki abin da na zo da shi. Ban taɓa inuwa ta biyu ba, na bar wa yarinyar kayanta. Na kawo musu samarin. Na yi muryar mai ruwan toka yana cewa, "Ki nisance ni, ni haɗari ne," alhali shi ke bin ta har bakin rafi. Na yi muryar mai koren ido yana cewa zai jira ta ko shekara nawa, mutumin da ba shi da gona ba shi da sana'a. Na yi musu dodon da ba a rungume shi yana yaro ba. Na riƙe numfashi na sake shi. Ɗakin ya kece. Fasto ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Baba ya yi dariya har ya share hawaye da bakin riga, yana cewa, "Dodo ya zama saurayi! Kai, Turawa sun ƙoshi." Mahaifin yarinyar ya fi kowa dariya, dariyar mutumin da aka sauke wa dutse daga ka, yana duban fuskar kowane dattijo yana ƙara ta.

Na ce, "Iyayena, gaskiyar ke nan. Babu komai a ciki. Kalanzir ɗin ma ya fi su amfani."

Baba ya tura galan ɗinsa baya da dunduniya. Aka yanke cewa ba horo, ba ƙonawa, sai dai 'yan mata su daina zane a jiki, biro na makaranta ne. Aka miƙa wa yarinyar littattafanta. Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa ta gode wa majalisa yadda ya kamata. A duk zaman nan sau ɗaya na kalle ta, lokacin da ɗakin ke tsakiyar dariya. Ba ta kallon kowa, ƙasa take kallo.

Labarin ya fita, kamar yadda labarin majalisa yake fita duk da rantsuwar sirri. Kafin Lahadi ta zagayo, samarin majami'a na ce wa juna, "Ki nisance ni, ni haɗari ne." 'Yan acaɓa suka ɗauka. Ƙawayenta da suka yi kuka a kan littafin nan su ne kan gaba wajen dariya, kowace na cewa ita dama ba ta gama karantawa ba. Ni kuwa na zama gwana. Matan zumunta na majami'a suna tare ni a kasuwa in yi musu dodo.

Ranar Kirsimeti yarinyar ta ja waƙa a gaban ikilisiya, cikin farar riga, a inda ya dace da ita. Muryarta ba ta taɓa yin daɗi kamar ranar ba. Na kalli bencin bakin ƙofa na ga ba kowa a kai, na gode wa Allah da zuciya ɗaya. Har yau in aka mayar da ni ɗakin shawarar nan abin da zan yi ke nan, kuma har yau ina nan a kan bakana cewa littattafan ba su da daɗi.

Bayan sabuwar shekara na tsaya sayen ƙosai wurin matar da ke suya kusa da rumfar mai faci. Ta naɗe mini a takarda. Ina tafiya ina ci, idona ya sauka a kan rubutun da mai ya jiƙa, na ga ana bayanin wani ido ruwan toka. Na koma na leƙa ƙarƙashin teburinta. Ga littattafan nan su uku, an cire bangon, na farko ya kusa ƙarewa.

Yarinyar na zaune a rumfar mahaifinta tana tsare masa wuri. Na je na tsaya a kanta da takardar a hannu. Na ji muryata ta fito da faɗa, irin na aji.

"Ke! Littafi ake ba mai ƙosai? Ni na koya miki haka?"

Ta tashi tsaye da ladabi, ta sa hannuwa a baya. Babu fushi a fuskarta, da akwai da na fi jin sauƙi.

Ta ce, "Momi, ai kin ce ba komai a ciki."

Na ce ta zo gida da yamma, ina da wasu littattafai masu kyau na gaske, zan zaɓa mata da kaina. Ta ce to, ta gode, za ta zo. Na share baranda, na fito da su na jera a kan tebur, na zauna har kaji suka shiga akurki. Ba ta zo ba.